Alƙaluman Utai Suna Tafiya Abuja: Wa Zai Zana Su Su Dawo Gida?

A ƙarshen kowane wata, ma'aikatan lafiya da ke mazaɓu 484 na Jihar Kano sukan zauna su haɗa lissafin aikin da suka yi: yara nawa aka yi wa allurar rigakafi, mata nawa suka zo awon ciki, mutum nawa aka gwada aka same su da zazzaɓin cizon sauro. Utai, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Wudil, tana cikin wannan lissafi. Daga littafin rajista alƙaluman sukan hau takardar taƙaitawa ta wata, daga nan a kai su Wudil, inda jami'in da ke kula da bayanai zai shigar da su cikin kwamfuta, su zarce Kano, su kai Abuja.

Hawan alƙaluman zuwa sama ba shi da wuya a zamanin nan. Abin da ke da wuya shi ne dawowarsu gida cikin kamannin da dagaci, da shugaban kwamitin raya mazaɓa, da ma shi kansa ma'aikacin da ya rubuta su za su duba su gane inda aka kwana. Jerin lambobi ɗari biyu a kan takarda ba ya gaya wa kowa kome sai wanda ya zauna ya yi ta bin sa da yatsa. Amma in aka mayar da lambobin nan zane, sai mai kallo ya ga a take cewa watan kaza aiki ya yi ƙasa, ƙauyen kaza kuma an bar shi a baya. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wannan aiki na mayar da alƙaluma zane ya zama sana'a mai zaman kanta, ana koyonta, ana cin abinci da ita, kuma Jihar Kano tana da dalilin saninta fiye da wurare da yawa.

Mene Ne Allon Bayanai?

Allon bayanai shafi ne guda ɗaya, na takarda ko na kwamfuta, wanda aka jera masa 'yan zane-zane da alƙaluma waɗanda mai yanke shawara yake bukata don ya san halin da aikinsa ke ciki. Sunan da Turawa suka ba shi an aro shi ne daga allon nan da ke gaban direban mota. Direba ba ya bukatar sanin duk abin da ke faruwa a cikin inji. Abin da yake so shi ne ya ga gudun da yake yi, da sauran man da ke cikin tanki, da ko inji ya yi zafi, kuma ya gan su da kallo ɗaya ba tare da ya kau da ido daga hanya ba. Allon da ya kasa yi wa shugaban asibiti ko hedimasta irin wannan aiki ya zama ado kawai.

Jera lambobi don ido ya kama ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mai koko da ke jan layi da gawayi a bango don ta san kofi nawa take bin kowane gida, zane ta yi, domin tsawon layukan ne ke nuna mata wanda bashinsa ya yi yawa. A wajen malamai kuwa, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi daga Katsina wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1741, ya rubuta littafi a 1732 a kan yadda ake jera lambobi cikin gidajen hatimi har jimillarsu ta zo daidai ta kowace fuska.

Irin zanen da ake gani a rahotannin gwamnati kuwa ya samo asali ne daga wani mutumin Sikotilan mai suna William Playfair, wanda ya buga zanen layi da zanen sanduna a 1786 don nuna cinikin Ingila da ƙasashen waje, sa'an nan ya fito da zanen faifai, watau da'irar da ake yankawa kashi-kashi, a 1801. Cikin 1854 annobar kwalara ta kashe mutane fiye da 600 a wata unguwa ta birnin Landan. Likita John Snow ya bi gida-gida yana ƙirga mamata, kuma taswirar da ya zana daga baya ta nuna yadda mutuwar ta taru kewaye da famfo guda ɗaya. A 1858 Florence Nightingale ta zana yawan sojojin Ingila da suka mutu a yaƙin Kirimiya wata-wata, zanen ya nuna ƙarara cewa cututtukan ƙazanta sun fi raunin yaƙi kashe su. Dukansu ukun da alƙalami da takarda suka yi aikinsu.

Nijeriya ma ta ba duniya nata zanen. Likita David Morley, wanda ya zo asibitin Wesley Guild da ke Ilesha a 1956, ya yi shekaru yana auna yaran garin Imesi-Ile. Daga wannan aiki ne aka sami katin awon yara mai ɗauke da layukan girma, inda ake ɗiga nauyin yaro kowane wata. In layin yaron yana hawa, lafiya. In ya miƙe ko ya sunkuya, akwai matsala. Hikimar Morley ita ce ya bar katin a hannun uwa, domin ko ba ta yi karatu ba tana iya ganin layin ɗanta ya daina hawa. Katin ya bazu ƙasashe da dama. Haka kuma tsinken awon dantsen yaro da ma'aikatan lafiya ke yawo da shi: ja in kaurin bai kai santimita 11.5 ba, rawaya daga nan zuwa 12.5, kore in ya wuce haka. Launi uku sun wadatar a san yaron da tamowa ta kama.

Darasin Shan Inna

Wanda ke son ya ga abin da wannan sana'a ke iya yi, ba sai ya bar Kano ba. Cikin 2012 an sami yara 122 da cutar shan inna ta kama a Nijeriya, watau fiye da rabin 223 da aka samu a duniya duka. Ana ta yin zagayen rigakafi, takardu suna nuna an gama kowace mazaɓa, amma cutar ta ƙi ƙarewa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne taswirorin da ayarin masu rigakafi ke bi da hannu aka zana su, daga abin da mutum ya tuna. Ƙananan ƙauyuka da rugage da yawa ba su ciki. Wasu kuma suna kan iyakar mazaɓu biyu, kowane ɓangare yana zaton ɗayan ne ke zuwa wurinsu.

A watan Oktoba na 2012 aka buɗe cibiyar ayyukan gaggawa ta yaƙi da shan inna a Abuja, aka biyo da irinta a Kano da wasu jihohin Arewa. Aka ɗauko hotunan tauraron ɗan Adam aka zana sababbin taswirorin mazaɓu, ana saka kowane gari da kowace ruga a wurinta. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 kuma take da babban ofis a Kano, tana cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Aka ba ayarin masu rigakafi wayoyin hannu masu rubuta inda suke bayan kowane 'yan mintoci. Da yamma a karɓi wayoyin a sauke sawunsu a kan taswira, da safe shugabanni su duba allo su ga garin da aka taka da wanda ba a taka ba, a mayar da ayari tun zagayen bai ƙare ba. Ƙananan hukumomi kuma aka riƙa yi musu launin kore, rawaya ko ja gwargwadon shirinsu, kowane shugaba yana ganin launin nasa a gaban takwarorinsa.

Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a Jihar Kano an same shi ne a Ƙaramar Hukumar Sumaila cikin watan Yuli na 2014. Na ƙarshe a Nijeriya an same su a Borno cikin 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da wannan ƙwaya ta daji. Lalle yabon na mata da mazan da suka shiga gida-gida ne, da sarakuna, dagatai da masu unguwanni da suka tsaya a kan al'amarin. Abin da taswira da allo suka yi shi ne suka hana a ce an je inda ba a je ba.

Makarantar Farko Tana Jikin Bango

Mai son koyon wannan sana'a a wuri kamar Utai zai iya farawa da takardar nan ta bin sawun rigakafi da aka tanadar don a liƙa a bangon kowace cibiyar lafiya. A ƙasanta an jera watanni goma sha biyu, a gefenta yawan yara. An ja layi a karkace daga sifiri zuwa adadin jariran da ake sa ran samu a shekara. Kowane wata ma'aikaci zai haɗa yaran da ya yi wa allura da na watannin baya, ya ɗiga, ya ja layi. In layinsa yana ƙasa da wancan na karkace, an bar wasu yara.

A ɗauki misali don gane lissafin, ba don alƙaluman wani gari ba ne. A ce mazaɓa tana da mutum 30,000. Ƙa'idar da ake bi ita ce a ɗauki kashi 4 cikin 100 a matsayin jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, watau 1,200 a shekara, 100 kowane wata, 600 zuwa ƙarshen Yuni. Allurar Penta, wadda ke haɗa rigakafin cututtuka biyar har da mashaƙo da tarin shiƙa, sau uku ake yin ta: a mako na 6, na 10 da na 14 bayan haihuwa. A ce zuwa ƙarshen Yuni yara 540 sun karɓi ta farko, amma 420 ne suka karɓi ta uku. An rasa 120 a tsakani, watau kashi 22 cikin 100 na waɗanda suka fara. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne in abin ya wuce kashi 10, a binciki aikin.

A kan takardar bango wannan zai fito kamar layuka biyu da suka tashi tare, suna ƙara rabuwa wata bayan wata. Ma'anar hoton ita ce iyaye suna zuwa amma ba su dawowa. To, sai a tambaya: ana faɗa wa uwa ranar dawowa? Allura tana yankewa? Ana barin mata su wuni a layi? Ko damina ce ta tsare hanya? In kuwa layin allurar farko ne da kansa ya kwanta ƙasa, matsalar ta dabam ce: mutane ba su isowa wurin ma, sai dai a kai musu. Hotuna biyu, magani biyu. Wanda ya iya karanta wannan takarda ya riga ya san rabin abin da ake koyarwa a kwasa-kwasan allon bayanai.

Abin Da Ka Shuka Shi Za Ka Girba

Kyan zane ba ya gyara muguwar lamba. Babbar matsalar mai zana alƙaluma a Nijeriya ita ce adadin da zai raba da shi. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe an yi ta ne a 2006, lokacin da aka ƙirga mutum 185,189 a Ƙaramar Hukumar Wudil, kuma ba a fitar da sakamakon mazaɓa-mazaɓa ba. Tun daga nan kintace ake yi, ana ƙara wani kaso kowace shekara. In kintacen ya gaza yawan jama'ar da ke wurin, sai allo ya nuna an yi wa kashi 120 cikin 100 na yara rigakafi, abin da ba shi yiwuwa. In ya zarce, sai a zargi ma'aikacin da ya yi aikinsa da kyau.

Akwai kuma alƙaluman da ake kumbura su don a faranta wa na sama rai. Binciken gida-gida da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da abokan aikinta a 2016 da 2017 ya nuna kashi 33 cikin 100 ne kawai na yaran Nijeriya suka karɓi allurar Penta ta uku, alhali rahotannin ofis suna nuna adadin da ya fi wannan nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa a watan Yuni na 2017 Hukumar Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa ta ayyana halin gaggawa a kan rigakafin yau da kullum. Lokacin da cutar mashaƙo ta ɓarke daga watan Disamba na 2022, Jihar Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, mafi yawansu kuma yara ne da ba su sami cikakken rigakafi ba. Allon da ya yi kore alhali yara suna nan ba allura ya fi rashin allo haɗari, domin yana sa a kwanta barci.

Saboda haka darasi na biyu ga mai koyo shi ne ya tuhumi lambar kafin ya zana ta. Wa ya rubuta ta? Da me aka raba? Cibiyoyi nawa ne ba su aiko da rahoto ba a watan nan? Gurbin da aka bari ba kome, sifiri ne ko mantuwa? Masu wannan aiki sun san cewa tsabtace bayanai, watau gyara sunan garin da aka rubuta iri uku, da cire abin da aka shigar sau biyu, ya fi zanen kansa cin lokaci.

Ƙa'idojin Zane

Zane yana da ƙa'idoji, kuma ba su da yawa. Ta farko ita ce a fara da tambaya. Kafin a ja layi ko ɗaya, a san wanda zai duba allon da shawarar da zai yanke. Shugaban sashen lafiya na Wudil yana son ya san mazaɓar da zai tura mai duba aiki a makon nan. Kwamishina a Kano yana son ya gwama ƙananan hukumomi 44. Allo ɗaya ba zai yi musu su biyun ba.

Ta biyu, kowace tambaya da irin zanenta. In ana son a ga canji cikin lokaci, kamar farashin kwanon gero daga kaka zuwa bazara, zanen layi ne. In ana son a gwama mazaɓu goma, zanen sanduna ne, a jera su daga babba zuwa ƙarami don ido ya huta. In tambayar ita ce a ina, taswira ce. Zanen faifai ba ya amfani sai in kashin bai wuce uku ko huɗu ba. Wasu masana ƙididdiga biyu na Amurka, William Cleveland da Robert McGill, sun gwada mutane a 1984 suka gano cewa ido ya fi iya gwama wuri da tsawo a kan ma'auni ɗaya fiye da gwama faɗin kusurwa ko girman fili. Wannan ne dalilin da ya sa sanduna suka fi faifai faɗin gaskiya.

Ta uku, kada zane ya yi ƙarya. Zanen sanduna daga sifiri yake tashi. In wata makaranta ta sami 95, wata ta sami 100, aka fara ma'aunin daga 90, sandar ta biyu za ta ninka ta farko tsawo, alhali bambancinsu biyar ne kawai. Haka nan taswirar Kano da aka yi wa launi bisa yawan masu cuta kawai, kullum ƙananan hukumomin cikin birni za ta nuna sun fi duhu, don nan ne jama'a suka fi yawa. Sai an raba da yawan mutane sa'an nan za a ga inda cutar ta fi tsanani.

Ta huɗu, a yi tsimin launi. Launi ɗaya mai ƙarfi ga abin da ake son a lura da shi, saura a bar su toka-toka. A tuna cewa akwai mutane, musamman maza, waɗanda ba su bambance ja da kore, kuma yawancin ofisoshin ƙananan hukumomi da baƙar tawada suke buga takarda. Don haka a haɗa launi da rubutu ko alama. Ta biyar, kan zane ya faɗi abin da aka gano. Maimakon a rubuta "Rigakafi, Janairu zuwa Yuni", a rubuta "Yaro ɗaya cikin biyar ba ya dawowa allura ta uku". A ƙasa kuma a saka inda aka samo alƙaluman da ranar da aka ɗauko su. In allon na kwamitin mazaɓa ne, a rubuta shi da Hausa.

Ina Ake Koyo, Da Wane Kayan Aiki?

Matakin farko takarda ce mai gidaje da fensir. Ɗalibi zai iya zuwa kasuwar Wudil kowace Juma'a har wata uku, ya rubuta farashin abu ɗaya, ya zana layinsa. Malamin makaranta zai iya zana zuwan 'yan ajinsa mako-mako, maza dabam mata dabam, ya ga abin da lokacin shuka da na girbi ke yi wa rajistarsa. Wanda ya tara alƙaluma da hannunsa ya san inda kuskure yake shiga, kuma ba zai yi saurin gaskata na wani ba.

Mataki na biyu shi ne Excel ko Google Sheets, inda za a koyi jera bayanai layi-layi, da tacewa, da taƙaita dubban layuka cikin ƙaramin jadawali. Mafi yawan aikin ofisoshin gwamnati a nan yake ƙarewa, kuma ma'aikacin da ya ƙware a wannan kaɗai ya fi ƙarfin a raina shi. Daga nan sai manhajojin haɗa allo irin su Power BI na kamfanin Microsoft, da Tableau, da Looker Studio na Google. Don zana taswira akwai QGIS, wadda kyauta ce. Don tattara bayanai da wayar hannu, ko babu intanet, akwai KoboToolbox da ODK. Ma'aikacin lafiya kuwa dole ne ya san DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar ginawa, wadda ita ce rumbun da alƙaluman cibiyoyin lafiyar Nijeriya ke shiga, kuma tana da wurin haɗa zane da taswira a cikinta. Mai son zurfafawa sai ya shiga harsunan kwamfuta irin su R da Python.

Kayan gwaji ba su da wuyar samu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton hauhawar farashi kowane wata, kyauta. Hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa tana buga rahotannin annoba, kuma a lokacin cutar korona ta 2020 jama'a da yawa a allonta suka fara ganin yadda ake bin alƙaluma jiha-jiha kowace rana. Ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a Legas cikin 2011, ta yi suna ne da mayar da kasafin kuɗin gwamnati zane-zanen da talaka zai iya karantawa, kuma aikinta abin nazari ne ga mai koyo.

Ta fuskar makarantu, mutanen Utai suna da sa'a. A cikin ƙaramar hukumarsu Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano take, wadda aka buɗe a Wudil cikin 2001 aka kuma sauya mata suna zuwa Jami'ar Aliko Ɗangote a 2022, inda ake karanta ilmin kwamfuta, lissafi da ƙididdiga. A ƙarshen 2023 kuma Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan uku a fannonin fasaha, kuma nazarin bayanai da zana su yana cikin fannonin da aka lissafa. Takardar shaida dai ba ita ce ƙwarewa ba. Masu ɗaukar aiki a ƙungiyoyin lafiya, bankuna da kamfanonin sadarwa sukan so su ga abin da mutum ya zana da hannunsa, kuma allo ɗaya mai kyau a kan garinsu ya fi goma da aka kwaikwayo daga misalan ƙasashen waje.

Matsalolin ma a bayyane suke: kwamfuta tana da tsada, wuta ba ta tsayawa, kuɗin intanet yana cin aljihu. Akwai kuma amana. Rajistar asibiti tana ɗauke da sunaye da sirrin mutane, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta hana a yi wasa da su. Mai koyo ya yi aiki da jimilla, kada ya ɗora sunan kowa ko gidan kowa a kan intanet don ya nuna gwaninta. A ƙaramin ƙauye ma, ɗigo ɗaya a kan taswira ya isa ya tona wanda ake nufi.

Sauran Aiki

Akwai abubuwan da za a iya yi ba tare da jiran sabon kasafin kuɗi ba. Sashen lafiya da na ilmi na ƙaramar hukuma za su iya mayar wa kowace mazaɓa shafi guda kowane wata uku, mai ɗauke da zane uku ko huɗu, wanda ya nuna matsayinta a tsakanin 'yan'uwanta tara, a karanta shi a taron kwamitin mazaɓa gaban dagaci da masu unguwanni. Ma'aikacin da ya ga ana duba abin da ya rubuta zai ƙara kula da rubutunsa, kuma mai unguwar da ya ga an ce yara 40 ne a unguwarsa alhali ya san sun fi 100 zai yi magana. Ta haka ake gyara adadin da ƙidayar 2006 ta bari a duhu.

Malaman jami'a za su iya tura ɗaliban shekarar ƙarshe su yi aikin bincikensu a kan alƙaluman mazaɓun da ke kewaye da su, da izinin hukuma, su bar wa mazaɓar kwafi. Shugabannin ofisoshi kuwa, su ne za su yanke ko sana'ar za ta yi amfani. In duk lokacin da allo ya nuna ja aka nemi wanda za a hukunta, ba da daɗewa ba kome zai koma kore a takarda. In kuwa aka ɗauki ja a matsayin wurin da za a kai allura, ko malami, ko babur, to, ƙananan ma'aikata za su rubuta gaskiya, kuma yaron da aka tsallake a wata ruga ta Utai zai fito a kan zane tun da sauran lokacin kai masa allurarsa.